Adabi ko nazarin koyon harshe? Ina neman shawara kafin in cike fom ɗin digiri na biyu a Faransanci

Ƙaramar Malama:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena malamai.

Faransanci na karanta a digirina na farko. Na yi bautar ƙasa, kuma cikin ikon Allah sashenmu ya riƙe ni a matakin farko na koyarwa, wata bakwai ke nan. An ba ni 'yan aji ɗaya, darasin furuci da sauraro, sa'a biyu a mako. Sun kai sittin idan aka haɗa da masu ɗaukar kwas ɗin daga wasu sassa.

Shugaban sashe ya ce lallai in yi rajistar digiri na biyu kafin zangon nan ya ƙare. Yau kwana goma fom yana cikin jakata, na cike komai sai layin da ake rubuta fanni. Manyan sashenmu kusan duk 'yan adabi ne, kuma kowa ya ɗauka can zan bi, tunda a kan ƙagaggen labari na rubuta kundina na farko. Ni kuwa tun da na fara shiga aji hankalina ya koma wani wuri.

Akwai wani yaro a ajina, mai ƙoƙari ƙwarai, kullum yana bencin gaba. Na ce ya faɗi « j'ai faim », ya faɗa. Na ce ya faɗi « je veux du pain ». Da yunwar da burodin sauti ɗaya suka fito, irin "f" ɗinmu ta gida wadda leɓɓa biyu suke yi. Na ciro ƙaramin madubi daga jakata na ba shi. Na nuna masa inda haƙoran sama suke sauka a kan leɓen ƙasa, da inda leɓɓa suke rufewa ruf sannan su buɗe. Ya yi daidai sau biyar a jere, har 'yan aji suka tafa masa. Da mako ya zagayo muna hira ta sakin jiki, sai ga burodi ya sake zama yunwa. Ya san dokar, har yana iya koya wa na kusa da shi, amma bakinsa bai karɓa ba.

Sai wata yarinya da ta rubuta « la soleil » da « le lune » a gwaji. Na ja jan biro na wuce. Ina cikin adaidaita-sahu a hanyar gida abin ya faɗo mini: ai mu rana ta fito muke cewa, wata kuma ya tsaya. Ashe ba sakaci ta yi ba, da Hausarta ta auna. A daren nan ban yi barci da wuri ba.

To iyayena, wannan abin da yake hana ni barci, fanni ne da zai ɗauki mutum har kujerar farfesa, ko kuwa zumuɗin sabon shiga ne? Shekara nawa tafiyar take ci a gaskiya? Kuma idan babu wanda ya ƙware a kansa a sashenmu, wa zai duba mini aiki? Mahaifina yana ganin da in tsaya a jami'a gara in nemi aikin tafinta. Ina son in je masa da magana mai tushe.

Tsohon Malami:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka. Saura shekara biyu in cika 70 in ajiye alli, kuma abin da kika faɗa game da madubin nan ya mayar da ni baya ƙwarai, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Ni ma da adabi na fara. A zamaninmu ɗalibin Faransanci idan ya kai aji uku waje ake kai shi ya shekara cikin masu harshen. Ni Lome aka kai ni, a Togo, cibiyar da ake kira Village du Bénin. Can na fara sayen gawayi da cinikin kifi da Faransanci, can na fara mafarki da shi. Bayan an shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986 naira ta faɗi, kuɗin tura ɗalibai waje ya gagari jami'o'i. Wannan ne ya sa gwamnati ta kafa Ƙauyen Faransanci na Badagiri a 1991, inda na tabbata ke kika yi naki aji ukun. Ina faɗa miki wannan ne don ki san cewa tambayar yadda mutum yake kama harshe ba ta aji kaɗai ba ce, har gwamnati ta kashe kuɗi a kanta.

Ina ƙaramin lakcara aka tura ni kwas na 'yan watanni a cibiyar nazarin harshe ta Besançon a Faransa. Wata malama ta tambaye ni: ɗalibanka Hausawa, waɗanne kurakurai suka fi yi, kuma a wace shekara suke dainawa? Na buɗe baki na ga ba ni da komai sai "ina jin" da "kamar dai". Shekara biyar ina koyarwa, ban taɓa rubuta kuskure ko ɗaya don in duba shi ba, gyarawa kawai nake yi in wuce. Ita ta sa na karanta maƙalar da Pit Corder ya buga a 1967, inda ya nuna cewa kuskuren mai koyo shaida ce ta tsarin da yake ginawa a kansa, da ta Larry Selinker ta 1972, wanda ya kira wannan tsari harshen tsakani: ba harshen uwa ba, ba kuma harshen da ake nema ba, wani abu ne mai dokokinsa da yake sauyawa a hankali. Shi ne kuma ya yi maganar daskarewa, wato kuskuren da yake kafewa ya ƙi fita, ko ya ɓuya ya dawo idan mutum ya gaji ko hankalinsa ya tafi ga ma'anar abin da yake faɗa. Yaronki na bencin gaba ke nan. A gaban madubi hankalinsa yana kan leɓensa, a cikin hira yana kan burodi.

Da na dawo na sayi littafin rubutu mai fallaye 80 da rikoda mai kaset. Duk abin da ɗalibi ya faɗa ba daidai ba in rubuta, da rana, da ajinsa. Na shiga aikin da zaton Hausa ce mai laifi a komai. Littafin ya ƙaryata ni. E, akwai rabon Hausa: "p" da "f", "v" da take komawa "b" har « vin » ya zama « bain », da « rue » da « roue » da ba sa rabuwa a kunne. Amma kaso mai yawa na Turanci ne, domin yaranmu ta ƙofar Turanci suke shiga Faransanci. Wanda ya ce zai je « librairie » ya ari littafi, ba Hausa ce ta tura shi kantin littattafai ba. Sannan akwai kashi na uku da ba na kowa ba ne: « vous disez », « j'ai prendu ». Yaran Faransa ma suna faɗar waɗannan suna ƙanana. Dokar suka gane suka shimfiɗa ta inda ba ta kai ba.

Abin da ya fi faranta mini rai a duk aikina shi ne gano inda Hausa take taimako ana danne ta. Yaron da yake ce wa mahaifinsa "sannunku da hutawa" ya riga ya san « vous » na girmamawa, Turanci ne ya rufe masa ido da kalma ɗaya ga kowa. Mai cewa farin gida da farar mota ya san sifa tana bin jinsin suna tun yana goye. Yarinyarki ba ra'ayin jinsi ta rasa ba, rabon kalmomin ne ya bambanta, kuma wannan ƙaramin aiki ne idan aka gwada da na wanda harshensa ba shi da jinsi sam. Haka bambancin « j'allais » da « je suis allé ». Na sha cin makonni ina bayaninsa da Turanci. Ranar da na rubuta "a lokacin nakan je" da "na je" a allo, na ga kawuna suna gyaɗawa tun kafin in juyo sosai. A wancan zamanin ana ganin aibi ne malamin Faransanci ya yi Hausa a aji. Na sha suka a kan haka a tarukan ƙara wa juna sani, ban kuma daina ba.

Ki karanta labarin Kanada kuma. A 1965, a garin Saint-Lambert kusa da Montreal, iyaye masu jin Turanci suka nemi a koyar da 'ya'yansu komai da Faransanci tun daga rabin aji. Tsarin ya bazu a ƙasar. Bayan shekaru masu bincike suka ga yaran suna fahimta kusan kamar 'yan gida, amma idan suka buɗe baki ko suka ɗauki biro, jinsi da aikatau suna ba su wahala. Daga nan Merrill Swain ta kawo hujjarta a 1985, cewa ji da karatu kaɗai ba sa isa, saɓanin yadda masu bin Stephen Krashen suka ɗauka, sai an matsa wa mai koyo ya furta da kansa ya ga inda ya gaza. Ki lissafa da kanki: ɗalibi sittin, minti 120 a mako. Ko ke ba ki ce uffan ba, kowa minti biyu zai samu. Wannan kaɗai kundin digiri ne.

Yanzu maganar shekaru. Matakan bakwai ne: wanda kike kai, sai mataimakin lakcara idan kin gama digiri na biyu, sai lakcara na biyu, lakcara na ɗaya, babban lakcara, rida wanda wasu jami'o'i suke kira mataimakin farfesa, sannan farfesa. Galibi shekara uku ce mafi ƙaranci tsakanin mataki da mataki, kuma kowace jami'a da adadin maƙalun da take nema. Daga lakcara na biyu zuwa sama, in komai ya tafi sumul, shekara 12. Matakai biyu na ƙarshe ba a cikin gida ake yanke su ba, ana tura ayyukanki ga farfesoshin waje su auna. Ni shekara 24 na yi. Nawa takardun sun kusa shekara biyu a hannun masu aunawa, domin masu fannin kaɗan ne. Amma babban jinkirin daga gare ni yake: na zauna shekaru ina jiran tallafin tafiya Faransa in yi digirin digirgir, alhali littattafan kuskurena sun cika kwali a ofis. Ba a haye babban lakcara sai da wannan digiri. Daga ƙarshe a gida na yi shi, da abin da yake cikin kwalin. Da zafi-zafi akan daki ƙarfe, 'yata. Kina gama na biyu ki shiga na uku.

Kada ki gina lissafinki a kan alkawarin gwamnati. A 1996 Janar Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, aka kuma sa shi cikin manufar ilimi ta ƙasa. Mun yi murna, mun ɗauka za a cika makarantu da malamai. Ki leƙa makarantun gwamnati na garinku ki ƙirga masu malamin Faransanci. Albashi kuwa ba zai sa ki yi arziki ba, ga yajin aiki. Na 2022 wata takwas ya ci, ya katse mini wasu ɗalibai da nake bin maganarsu tun aji ɗaya. Da aka dawo na sake ɗaukar muryoyinsu, na ga abin da ya zube da abin da ya tsaya bayan wata takwas babu aji. Maƙalata ta ƙarshe ke nan.

Ki gaya wa mahaifinki cewa shawararsa ba ta saɓa da wannan hanya ba. Na yi tafinta a taruka da dama ina kan kujerata.

Mushe Ɗan Maraɗi:

Gaisuwa ga Baba, Allah ya ƙara girma. Ƙanwata, ni daga wancan ɓangaren iyaka nake, ina koyarwa a jami'a a nan Nijar.

Tsarinmu daban ne. Mu ba jami'armu ce take ba mu girma ba. Akwai majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu Faransanci, CAMES, wadda aka yanke shawarar kafawa a Yamai a 1968, hedikwatarta tana Wagadugu. Kana shirya takardunka a tura, kwamitocin fanni su zauna sau ɗaya a shekara, su sa sunanka a jerin waɗanda suka cancanta ko su mayar da kai. Daga asistan zuwa « maître-assistant », zuwa « maître de conférences », zuwa « professeur titulaire ». Amfaninsa, girman da ka samu a Maraɗi ana karɓarsa a Dakar ko Abijan. Wahalarsa, in an mayar da kai sai wata shekarar.

Amma ba wannan ya sa na yi magana ba. Baba ya ce ya sha wahalar raba kuskuren Hausa da na Turanci. To ai maganin yana nan kusa da ke. Yaron Maraɗi Bahaushe ne kamar na Katsina, kusan karin harshe ɗaya, wasu ma kaka ɗaya. Bambancin, namu daga Hausa yake faɗawa Faransanci kai tsaye ranar da ya shiga lakwal, babu Turanci a tsakani. Ki ba ɗaliban nan da na can aiki iri ɗaya, hoto ɗaya su ba da labarinsa. Kuskuren da ya fito a wuri biyun, ki bincika ko na Hausa ne ko na kowane mai koyo. Wanda ya fito a wajenku kaɗai, ki tuhumi Turanci. Sai dai ki kula, namu sun fara tun suna shekara shida ko bakwai, naku da yawa sai a jami'a, dole ki sa wannan cikin lissafi.

Kuma lokacin ya dace. Tun 1973 aka fara makarantun gwaji masu fara karatu da harshen gida a Damagaram, an daɗe ana muhawara a kansu. A watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Turanci suka zama harsunan aiki. Yanzu tambayar yadda yaro zai tashi daga Hausa zuwa wani harshe ba tare da ya yi asarar ko ɗaya ba ta zama ta kowa, masu amsa ta da hujja kuwa ba mu da yawa.

Anti Mai Adabi:

Baba ya yi magana, ba ni da ta cewa a kan iliminsa. Amma ƙanwata, ni babbar lakcara ce a adabi, mai 'ya'ya huɗu, kuma akwai abin da nake so ki ji daga bakin mace.

Tambayarki ta uku ita ce babba, kuma ba a amsa ta ba. Mai duba aiki shi ne rabin digiri. Na ga wadda ta zaɓi fannin da babu mai shi a sashe, aka damƙa ta ga wanda bai damu da shi ba, babi ɗaya ya shekara a kan teburinsa. Kafin ki rubuta komai a fom ɗin nan, ki je sashen kimiyyar harshe da tsangayar ilimi ki nemo wanda zai yarda ya zama mai dubawa na biyu, kuma a rubuta sunansa a takarda. Alkawarin baki ba ya tsayawa a gaban kwamiti.

Sannan ki san nauyin abin da za ki ɗauka. Ni littattafaina suna kan gado, ina shayarwa ina karatu, ƙarfe biyun dare in na ga dama. Ke ɗalibai za ki bi. Za su ƙi zuwa, za su canza sashe, za a tafi hutu. Minti goma na magana yana iya cin miki yini guda wajen rubutawa. Kuma sai kin koyi lissafin ƙididdiga, abin da yawancinmu muka gudo daga gare shi. Ban ce adabi ya fi sauƙi ba, na ce ya fi jure rayuwar gidan aure. In akwai maganar aure a gabanki, a yi wannan zance da shi tun yanzu, har da batun tafiya taro da kwana a wani gari.

Abu biyu kuma. Ki zauna jarrabawar DALF ta ƙwarewa a Faransanci ki sami shaidar babban mataki na C1, ana shirya ta ta cibiyoyin Alliance Française, akwai ɗaya a Kano. Duk wani tallafi na waje zai tambaye ki ita, kuma mai binciken bakin wasu ya kamata a fara auna nasa. Sannan ki guji mujallun da suke karɓar kuɗi su buga maƙala cikin mako biyu. Za su cika miki lissafi a ƙananan matakai, amma ranar da takardunki suka isa hannun masu aunawa na waje, su ne za su ja ki ƙasa. Idan an tabbatar miki da aiki ki nemi gurbin ƙaro karatu na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta hannun jami'arku, ki fara tambayar sharuɗɗan tun yau.

Shawarar Mushe tana da kyau, amma hanyar Jibiya ba kullum take da daɗin bi ba. Ki tsara yadda za a ɗauko miki muryoyin a turo ta waya idan tafiya ta gagara.

Ƙaramar Malama:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Anti, na bi maganarki kafin ta kowa. Jiya na je sashen kimiyyar harshe, na sami wata dakta da ta yi aiki a kan yadda yara suke koyon Turanci. Ta ce ba ta jin Faransanci sosai, amma hanyar binciken ɗaya ce, kuma ta yarda a sa sunanta idan shugaban sashenmu ya rubuto. Yau da safe na cike layin.

Na karanta wa mahaifina amsar Baba daga farko har ƙarshe. Da na zo wurin "sannunku da hutawa" ya sa na maimaita, sannan ya ce in je in yi, Allah ya taimaka.

Yaya Mushe, zan turo maka saƙo a keɓe game da hoton da za mu yi amfani da shi. Na kuma sayi littafin, mai fallaye 80. Baba, me zan riƙa rubutawa a gefen kowane kuskure ban da rana da aji?

Tsohon Malami:

Madalla 'yata. Ki raba shafin gida huɗu: abin da ya faɗa daidai yadda ya fito, abin da yake nufi, halin da ake ciki, wato karatu yake yi ko maimaitawa ko hira, sannan harsunan da yake ji da wanda ya fara. Kada ki yi zaton abin da yake nufi, ki tambaye shi da Hausa bayan an tashi. Ki riƙa rubuta wuraren da ya faɗa daidai ma, ni na yi shekara uku ban yi haka ba, sai da na koma kan kaset ina ƙirgawa. Kada ki sa sunan kowa, lamba za ki ba su, kuma ki nemi izininsu kafin ki kunna rikodar waya.

Yaron bencin gaba shi ne lamba ɗaya. Ki ɗauki muryarsa wannan makon yana ba da labarin abin da ya karya da shi da safe, ki sake ɗauka bayan wata uku, ki sake kafin ya tafi Badagiri da ranar da ya dawo.